Babba Ya Raba, Ƙarami Ya Zaɓa

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Ina sanar da jama'ar gabas da ta yamma, manya da ƙanana, cewa daga yau ni Malam Munzali, malamin labarin ƙasa, na janye ƙafata daga teburin Nagoggo mai shayi. Hukunci ne, babu ɗaukaka ƙara. Duk wanda ya tambayi dalili a ce masa madarar ce ta cika ruwa. Ba shi da wata alaƙa da cewa ƙanena Kalilu yana zama a bencin nan kullum da safe yana hura kofi kamar wanda bai taɓa yi wa kowa komai ba.

Jiya aka raba gonar Baba. An raba lafiya. Kowa ya ce an raba lafiya.

Asabar, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara yi wa kaina ƙari ba.

'Yan'uwanmu mata sun karɓi nasu tun bara, a lambu da gidan cikin gari. Saura gonar bayan gari, tsakanina da Kalilu. A gidanmu babba ke rabawa, ƙarami ya zaɓa. Baba Ɗantsoho, ƙanen mahaifinmu, shi ya zauna shaida da wasu dattawa, ni kuma na ja igiya. Na yanka gonar biyu. Ga Gindin Gawo, ɓangaren ƙasa, mai faɗi, mai taushi, inda gero ke rufe mutum har hularsa. Ga kuma Tudu, ɗan siririn yanki mai marmara da tsakuwa da zaizayar ruwa, wanda ya jingina da ramin da masu aikin hanya ke fasa dutse. Makaho ma in ya taka da ƙafa zai san wanda zai ɗauka.

Baba Ɗantsoho ya ce, "Munzali, anya igiyar nan taka ba ta karkata ba?"

Na ce, "Baba, ai shi zai zaɓa. In ta karkata, wajensa ta karkata."

Kalilu ko zagayawa bai yi ba. Ya ce, "Na ɗauki Tudu."

Na ce, "Ka dai duba."

"Na duba, Yaya."

"Ka ƙara dubawa. Ba wanda ke korarka."

"Tudun dai, Yaya."

Aka shafa fatiha. Dattawa suka riƙa sa masa albarka, ni kuma suna yi mini barka, ina amsawa da haƙora.

Wani ya gaya masa.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da azahar

Zafi. Kalilu ya tafi kasuwar Mai'aduwa da raguna. Allah ya sa su yi kwantai.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan an tashi makaranta

A ce akwai wani mutum. Ba ni ba, wani mutum dai. A ce ya yi shekara da shekaru yana zana wa 'ya'yan mutane duwatsu a allo suna hamma. Sai masu hanya suka zo suka yanka tudun bayan garinsu kamar an yanka kabewa, abin da yake zanawa da alli ga shi nan a tsaye, kowa na iya gani, ba mai kallo.

Littattafai sun ce duwatsun nan namu aman wuta ne, na zamanin da babu wanda ya rage ya ba da labari. Ƙasa ta amayo narkakken dutse da toka, suka huce, suka daskare, suka zama wannan dutse mai taurin kai da ake niƙawa a yi tsakuwa. Amma ba ko'ina yake da tauri ba. In ka sauka cikin ramin ka ɗaga kai za ka ga jar marmara a sama, ƙarƙashinta ruɓaɓɓen dutse da ruwan sama ya ci har kana iya marmashe shi da yatsa, sannan dutse mai rai. Wannan kowane rami yana da shi. Abin da ba kowane rami ke da shi ba shi ne inda dutsen ya tsage tun yana da ɗumi, ruwan zafi ya biyo tsagar daga ƙasa ya dafa shi, ya yi ta dafa shi, har ya koma fari fat, mai santsi kamar sabulu. Farar ƙasa ke nan. Ba ta kwanciya a shimfiɗe kamar tabarma. Tsaga take bi a tsaye, kamar jijiya a cikin nama.

A bangon ramin na yamma babu ko ɗigonta. A na kudu baƙar laka ce, mai kumbura da damina ta dare da rani, wadda ba ta da aiki sai riƙe tayar tifa. A bangon gabas kuwa ga ta nan, faɗin ɗaki, tun daga ƙarƙashin marmara har inda ido ya tsaya. Masu fasa dutse tsine mata suke yi, don tana toshe musu inji tana ɓata tsakuwa, saboda haka suka juya mata baya suka ci gaba da cin yamma. Masu fenti da alli da tayil na Kano kuwa ba tsinuwa suke yi mata ba.

Tsaga ba ta san iyakar gona ba. Inda ta sa gaba nan take bi, kuma gabas ta sa gaba, wajen Tudu. Mai son shaida ya tambayi gara, ita ce ke haƙo ƙasa daga can ƙasa ta yi gini da ita. Duk surin da ke gonar Baba ja ne, ban da na kan Tudu. Su fari-fari ne, kuma a jere suke kamar an sa su sahu.

To a ce mutumin nan ya ga wannan duka ya yi shiru. Shiru laifi ne? Kowa da idonsa aka haife shi. A ce kuma aka wayi gari aka miƙa masa igiya.

Na gaji. Gobe na ƙarasa.

Laraba, da safe

Ba zan ƙarasa ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, da la'asar

Babu makaranta, sai na hau babur na tafi ramin wajen Saminu. Tsohon ɗalibina ne, yanzu shi ke kula da ma'aikatan wurin. Shi kaɗai ya riƙa ganina ina shiga ina fita tun kaka, shi ne ma ya riƙa ara mini hular kwano.

Na ce, "Saminu, nawa ƙanena ya ba ka?"

Ya ce, "Subhanallahi! Malam, na me?"

"Kada ka maida ni ɗan aji ɗaya."

"Wallahi, Malam, ka ce in yi shiru na yi shiru. Ni da Kalilu sai gaisuwar hanya. Ko lambarsa ba ni da ita."

Na ce, "Haka ka yi ta rantsuwa ranar da taswirar makaranta ta ɓace."

Ya ce, "Ai a bayan kabad ɗinka aka gan ta, Malam."

Yaran yanzu ba su da kunya. Ka koya wa yaro inda kogin Kwara ya faro, ya girma ya riƙa tuna maka kabad.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan an sauko

Kalilu ya ratso sahu ya zo ya tsaya kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa. Na koma sahun baya. Sahun gaba ya fi lada, na sani, ni na ga dama in bar masa. Na saba bar masa abubuwa kwanan nan.

Litinin, 5 ga Mayu, da yamma

Yau na ga wasan kwaikwayo kyauta. Kalilu yana kai taki Tudu. Amalanke cike, shanunsa biyu na ja, ta tsakiyar Gindin Gawo, don nan ne hanyar. Taki a kan marmara! Kamar a shafa wa jaki turare. Yana zubawa yana bazawa yana sharce gumi, don duk mai wucewa ya ce, kai, bawan Allah, gero zai shuka.

Na jinjina masa. Mai sayar da rago ai ya san yadda ake cika wa dabba ciki da ruwa da dusa kafin a shiga kasuwa. Ban san ya kai nan ba. Ni da na ɗauka iyakar iliminsa haƙoran tunkiya.

Ya hango ni ya ɗaga hannu. Na duba agogo.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

In ba Saminu ba ne, to daga cikin gida ne. Zaituna, matata, tare suke zuwa Islamiyya da Maijidda matar Kalilu, tare suke dawowa, kuma ban taɓa jin an ce hanyar Islamiyya da shiru ake bin ta ba.

Na ce, "Me kuke tattaunawa ke da Maijidda?"

Ta ce, "Tsadar manja."

"Ban da manja."

"Da tsadar gishiri. Malam, in tambaya gare ka yi ta kai tsaye, tuwona zai kama."

Na ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Ta ajiye muciya. Ta ce, "Au, ni ce bangon? Ni ka taɓa gaya wa wani abu? Ce mini ka yi nazari kake yi. Tun kaka nake wanke farar ƙasa a wandunanka, har ruwan wanki ya koma kamar nono, ban ce uffan ba. Ranar rabo ka fita da sabuwar igiya kana waƙa. Ka dawo ba ka waƙa. Ban yi boko mai zurfi ba, amma na iya haɗa wando da igiya."

Na ce, "To kin ga kin sani."

"Na sani. Kuma da zan gaya wa wani, da ba Maijidda zan gaya wa ba, da kai zan gaya wa ka ji tsoron Allah. Sai na ga kai ne malamin."

An kawo tuwo. Miyar ba gishiri. Na fahimci saƙon.

Juma'a, 9 ga Mayu, da hantsi

Na sare ƙayar magarya na tare hanyar da ta ratsa Gindin Gawo. Da hannuna, tun daga bakin kwalbati har gindin gawon. Gonata ce. A gaban shaidu aka ba ni. Mai son zuwa Tudu akwai hanya ta bayan ramin fasa dutse. Tana da nisa, tana da gangara, amma mai arziki a ƙarƙashin ƙasa ai ba ya jin nisa.

Hannuna duk ya kumbura. Zaituna ta ce allurarta ta ɓace.

Lahadi, da la'asar

Kalilu ya yi sallama a zaure. Na ce a ce ina barci. Na ji shi yana cewa, "To, a gaishe shi in ya tashi." Ko muryarsa bai ɗaga ba. Mai gaskiya ai da ya yi faɗa.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Baba Ɗantsoho ya aiko in je, na ce ina duba takardun jarrabawa. Sai ga shi da kansa, da sandarsa, ya ƙi zama a kujera, ya ƙi shan ruwa.

Ya ce, "Munzali, yaro ya bar maka mai kyau ya ɗauki tsakuwa, kai kuma ka saka masa da ƙaya? A wace makaranta aka koya maka wannan?"

Na ce, "Baba, dabbobinsa na tattake mini gona."

"Wace gona? Ka shuka wani abu ne a cikinta ban ji ba? Iska suke tattakewa?"

"Akwai abin da ba ku sani ba, Baba."

"To faɗa mini in sani. Ga kunnena."

Ya jira. Tsofaffi sun iya jira, ba su da wani aikin.

Ya ce, "Ubanka bai shekara biyu a ƙasa ba. Ka cire ƙayar nan kafin in sa a cire maka ita a gaban jama'a." Ya fita yana dogara sanda da ƙarfi, kamar ƙasar zaurena ce ta yi masa laifi.

Ban cire ba. Gonata ce.

Alhamis, da rana

Wani ya rubuta "Malam Ƙaya" a allon aji uku. Rubutun ya yi kyau, har da ƙugiyar ƙa. Aƙalla malamin Hausa yana aikinsa.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

San Kalilu ɗaya, jan, ya zame a gangarar bayan ramin da amalanken taki. Ƙafa ta karye. An yanka shi a wurin.

Ban tura shi ba. Ban ce a ɗora masa kaya fiye da ƙima ba. Ban halicci gangara ba. Wanda ya san ba gero zai shuka ba, me ya kai shi jidar taki har sa ya hallaka? Wasan kwaikwayo ne ya ci sa, ba ƙaya ba.

Asabar, gab da magariba

Maijidda ta aiko mana da nama. Cinya guda, da hanta. Wai rabon gidan Yaya.

Wannan shi ne mugunta mai ilimi. Ya kashe ni da kirki a idon gari, ya bar ni da sunan mai ƙaya. Na ce a mayar. Zaituna ta ce ita ba ta mayar da abin zumunci, in ina so in ɗauka in kai da kaina, ƙofarsu ba ƙaya.

Lahadi

Ban ci naman ba. Romon kawai na sha, shi ma don ban san na shi ba ne.

Talata, 20 ga Mayu

Hadari ya haɗu ya watse. Ba wanda ya yi mini magana yau sai mai faci.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Ruwan farko ya sauka da asuba, mai ƙarfi, irin wanda ke tafiya da bangon da aka yi wa ha'inci. Da gari ya waye na tafi gona in ga ko ƙayata na nan.

Tana nan. Amma ruwa ba ya tsoron ƙaya. Zaizayar da ke kan Tudu ta rufta, bakinta ya buɗe, ruwa fari kamar kunun gyaɗa ya gangaro ya ratsa ƙayar ya shimfiɗe a Gindin Gawo. Gonata ta yi fari da arzikin wani. Kafin hantsi mata sun cika wurin da ƙore da bokitai suna ɗiba, wai za su shafe ɗakuna kafin Sallah. Duk abin da na yi wata da watanni ina rufewa da bakina, ruwan sa'a ɗaya ya karanta wa gari shi da babbar murya.

Kalilu na tsaye a bakin zaizayar, riƙe da ƙugu, baki buɗe. Ya iya. Wallahi ya iya.

Asabar, 24 ga Mayu, da azahar

Wani mutumin Kano ya zo da mota. Direbobin tifa ne suka kai labari. An gan shi a Tudu yana murza ƙasar a tafin hannu yana ɗanɗanawa da harshe, Kalilu na biye da shi. To, an gama ɓoye-ɓoye. Yanzu sai a fito da fuska.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Ina zaune a ƙofar gida Kalilu ya ɓullo, babu damar barci. Bai je kasuwa ba yau, ana saura kwanaki Sallah, lokacin da rago ke tsada. Ya zauna a ƙasa, ya kwance leda, ya ajiye curin farar ƙasa a gabana.

Ya ce, "Yaya, haƙuri na zo bayarwa."

Na ce, "Na wanne daga ciki?"

"Mutumin nan ya ce abin da ke cikin Tudu ya fi Gindin Gawo nesa ba kusa ba. Wallahi tallahi ban sani ba. Ni dai na ga kai ne babba, ga yara a makaranta, ni kuwa dabbobi gare ni, duk inda na kafa turke sun ɗauru. Na ga hannuna ba zai iya miƙuwa ya ɗauki mai kyau in bar ka da tsakuwa a gaban Baba ba."

Na ce, "Uhm."

"Da ka yi fushi, na ɗauka zafin karar da na yi maka a gaban mutane ka ji, kamar na ce ba ka iya riƙe gidanka. Na ce to, yaya ne, zai huce. Yanzu ga shi gari zai ce na sani na yi maka wayo. Jiya a teburin shayi har wani ya ce mini, kai Kalilu, ashe kura ce da fatar akuya. Ban iya haɗiye shayin ba."

"Sai aka yi yaya?"

"A sake, Yaya. Ka ɗauki Tudu, in koma Gindin Gawo. Ni ban san kan ƙasar nan ba, kai ne ka karanta ta. Rashin sani ne ya yi mana. Kai ma da ka san tana nan, ai da ba ka bar ta gefe guda ba, da ta tsakiya ka ja igiyar."

Na nemi murmushin a fuskarsa. Na san inda yake ɓoye shi tun yana yaro, a gefen baki na hagu. Na duba. Na ƙara dubawa.

Na ce, "San naka fa?"

Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Na gaya wa Baba ya tara dattawan ranar Juma'a."

Ya bar curin a nan. Kaji na ta tsattsaga shi.

Litinin, da safe

Tarko ne. Ban gano inda bakinsa yake ba tukuna, amma tarko ne.

Talata, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Na je wajen Baba Ɗantsoho da goro, don in ji ta inda aka ƙulla. Ya karɓi goron, bai ce in zauna ba, na zauna.

Na ce, "Baba, yaushe Kalilu ya yanke shawarar ɗaukar Tudu?"

Ya ce, "Tudu? Bai san da wani Tudu ba. Tun ana gobe rabo, kafin ka sayo igiyarka, ya zo nan ya ce, Baba, duk wanda ya fi muni shi zan ɗauka, kada ka hana ni. Na ce ina ni ina hana ka, ni ma haka na yi wa ubanku. Ba ka ga gonata ba? Ko ƙadangare sai ya yi guzuri kafin ya ratsa ta."

"Amma ai cewa ake yi ƙarami ya zaɓa."

"Ana cewa. Don a ba shi wurin yin kara ake cewa. Wa ka taɓa ji a gidan nan ya miƙa hannu ya ɗauki mai kyau, yayansa na tsaye? Kana nan aka yi na gidan Mahdi, kana nan aka yi na su Jafaru. Ko kana can kana kallon duwatsu?"

Ina nan aka yi. Ina can ina kallon duwatsu.

Ya ɓare goro ya daɗe yana tauna. Sannan ya ce, "Ni abin da ban gane ba naka ne. Babba daidaitawa yake yi, har ya auna da taki ya sake aunawa, don kada karar ta yi wa yaro tsada. Kai kuwa ka ja igiya kamar mai yankan ƙauna. Me ya sa?"

Na ce masa ranar akwai zafi.

Ya ce, "Akwai."

Laraba, da azahar

To ga shi. Abin da nake so, an kawo mini har ƙofar gida, a wanke, da shaidu da fatiha. A waje ba wanda ya sani sai Saminu, kuma Saminu ya nuna yana iya shiru. In ce na karɓa, shi ke nan. Gari ya ce Kalilu ɗan halak ne, Malam kuma an ba shi haƙƙinsa, ashe dama fushinsa da dalili. Har ƙayar sai ta zama hujja.

Na gaya wa Zaituna. Yau ce rana ta farko da ta zauna ta saurare ni tun ranar miya.

Ta ce, "Za ka karɓa?"

Na ce, "Shi ya kawo. Ban roƙe shi ba."

"Haka ne. Na farkon ma ba ka roƙe shi ba." Ta tashi ta ɗauki tsintsiya. Daga bakin ƙofa ta ce, "In ka karɓa, Malam, ka nema mini wata Islamiyyar. Ba zan iya jerawa da Maijidda ba."

Alhamis

Na cire ƙayar. Ta fi wuyar cirewa.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan la'asar

An taru a zauren Baba Ɗantsoho, dattawan da suka shaida na farko, da liman. Kalilu ya maimaita abin da ya gaya mini, har da neman gafara. Liman ya yi ta gyaɗa kai, yana shirin jawo aya a kan zumunci. Baba ya ce, "Munzali, ka ji. Ka karɓa?"

Na shiga da niyyar karɓa. Wannan gaskiya ce, tun da takarda ba ta da baki. Har na gyara murya. Sai yaron nan ya ƙara da cewa, "Ku taya ni roƙonsa, kada ya ƙi don kunya." Kunya. Ni. Ba kirki ne ya kama ni ba, kada wani ya yi mini wannan zaton. Gajiya na yi da a yi ta yi mini kara ina tsaye kamar turke.

Na ce ban karɓa ba. Aka ce me ya sa. Na faɗa. Abin da na faɗa na faɗe shi sau ɗaya, ba sai na maimaita a nan ba. Bai yi tsawo ba. Liman ya mayar da ayarsa.

Kalilu ya ce, "Ka sani tun kafin igiya, Yaya?"

Na ce, "Tun kafin igiya."

"Da ka ce in ƙara dubawa?"

"Har da shi."

Ya ce, "Ni kuwa na yi ta jin daɗi a raina, na ce Yaya na jin tausayina." Ya tashi, ya nemi takalmansa, ya sa ɗaya a dama ɗaya a hagu a tsanake, ya fita. Ba wanda ya ce a shafa fatiha.

Tudu na Kalilu ne. Baba ya ce an rufe maganar.

Asabar

Kalilu bai fito ba.

Lahadi, 1 ga Yuni, da safe

Ya wuce ta ƙofar gidana da raguna zai tafi kasuwa. Ya tsaya. Ya ce, "Ina kwana." Na ce, "Lafiya lau. Allah ya ba da kasuwa." Ya ce, "Amin." Ya kaɗa ragunansa.

A tsaye ya gaishe ni. Tun da ya koyi magana bai taɓa gaishe ni a tsaye ba.

Ba wanda ya gaya masa komai. Ni na yi kuskure.